Ranar da Kunnen Inji Ta Rufe Ido

Yayata ta yi shekara talatin da uku tana aiki a masaƙa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wani a can ya kira ta da ainihin sunanta ba. Daga mai gadin ƙofa har manaja, Kunnen Inji suke ce mata. Ni kuwa, da 'yan matan layinta, Yaya muke ce mata, ita kuma ta ce mini Auta, ko da yake yanzu jikokina uku, kuma furfurata ta fi tata yawa.

Tana da shekara ashirin da huɗu ta shiga aikin, bayan mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, ga ni kuma ta uku, don tun rasuwar mahaifiyarmu a hannunta nake. Da aikin nan ta riƙe mu har na gama makaranta na zama malama. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji ina tsokanarta a labarin nan ya ɗauka ban san girmanta ba. Na sani. Bakina ne kawai ba ya shiru, kuma ita ta koya mini.

Sau ɗaya tak na taɓa shiga ɗakin saƙa, ranar da ta manta makullin gida na kai mata. Injuna arba'in da takwas ne a jere, layi shida, kowanne yana dukan ƙarfe da ƙarfe ba hutu. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har a haƙora ake jin ta. Ƙurar auduga tana yawo a iska, tana sauka a gira da gashin ido. Minti biyar na yi na fito, amma har na kai gida kaina yana amsawa. Ita kuwa Yaya na same ta tsaye a tsakiyar layi, ta karkata kai gefe guda, hankalinta kwance kamar mai sauraron labarai a rediyo.

A wannan karkata kan ta samo sunanta. Tana shekara ta uku a aiki ta tare babban bakanike ta ce masa inji na goma sha bakwai ba shi da lafiya, akwai abin da ya kwance a cikinsa. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce jiya-jiya ya duba shi. Ta ce to ya sake dubawa. Don ya kunyata ta ne ya buɗe injin a gaban kowa, sai ga noti ya kwance, saura zagaye biyu ya faɗa cikin haƙoran injin. Bakanike ya share hannunsa da tsumma ya ce wannan yarinya kunnen inji gare ta. Sunan ya zauna. Kafin ta cika shekara goma an ba ta shugabancin layi, daga baya kuma ɗakin gaba ɗaya, kuma kullum cikin ƙarar injuna arba'in da takwas takan nuna guda da yatsa ta ce zai tsinke zare, ya kuwa tsinke.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani game da matan masaƙa. Tun da murya ba ta da amfani a ɗakin saƙa, da leɓe suke hira. Mace tana wannan ƙarshen ɗaki, ƙawarta tana wancan, za su yi gulmar mutum tun daga takalminsa har danginsa ba tare da sauti ko ɗaya ya fita ba. Ba leɓe kaɗai suke karantawa ba, har gira da kafaɗa da yadda mutum ya ajiye ƙafa. Na sha zama a cikinsu a gidan biki ina gani suna motsa baki suna dariya, na san sarai da ɗinkina suke, amma ba ni da shaida.

Ma'aikatar tana raba abin toshe kunne, wasu 'yan soso ne guda biyu masu ruwan lemo, a ɗaure da zare. Yaya a wuya take rataya nata kamar sarƙa. In an yi mata magana sai ta ce, "Wa ya taɓa ganin direba ya rufe ido yana tuƙi? Da kunne nake aiki." Tun da kuwa shugaba ba ta toshewa, na ƙasa ma ba sa toshewa. Duk sabuwar da ta zo, sati guda take yi da soso a kunne, sati na biyu sai ka gan shi a wuyanta.

Tana shekara ta goma sha biyu a aiki aka fara gwajin lafiyar ma'aikata na shekara-shekara. A ɗan asibitin da ke kusa da ƙofar shiga ake yi. Za a auna jini, a saurari ƙirji, a sa mutum ya hura iska a wani bututu saboda ƙurar auduga, a duba ido, sannan a shiga akurki. Haka matan suka raɗa wa ɗakin gwajin ji, don ɗan ƙaramin ɗaki ne mai kujera ɗaya da tagar gilashi. Mutum zai zauna a rufe ƙofa, a kifa masa wasu fayafai biyu masu soso a kunnuwa, a ba shi madanni a hannu. Nas ɗin, wadda kowa yake ce wa Sista, tana zaune a waje tana aika 'yar ƙara siririya, wata can sama, wata can ƙasa. In ka ji, ka danna. A ƙarshe likita ya sa hannu a takarda, ko ka dace da aikinka ko ba ka dace ba.

A shekarar farko dattawa biyu suka faɗi gwajin, aka ɗauke su daga ɗakin saƙa. Ɗaya aka mayar da shi wajen ajiyar kaya, ɗayan ya yi fushi ya bar aikin. Tsoro ya shiga kowa, aka fara raɗe-raɗin cewa dabara ce ta rage mutane. A shekara ta biyu, Yaya tana zaune a akurki tana kallon Sista ta gilashi, sai ta lura da wani abu. Duk sanda Sista za ta aika ƙarar, kafaɗarta ta dama takan ɗan sauka, kaɗan ƙwarai, yadda ni da kai ba za mu gani ba. Amma wadda ta saba karanta gulma daga nisan layi shida, wannan ai rubutu ne da manyan baƙaƙe. Ta fito ta faɗa wa na kusa da ita a kan benci, da leɓe, wannan ta faɗa wa ta gaba. Daga ranar, shekara goma sha tara cur, ba wanda ya sake faɗuwa gwajin ji a ɗakin saƙa.

Har allo aka kafa a bakin ƙofa ana alfahari da lafiyar kunnen ma'aikata. Sista takan tsaya ta karanta shi da safe tana murmushi. Yaya ta ba ni labarin kafaɗar tana dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya ta. Ban ga aibun abin ba. Gani nake yayata ta rufa wa talakawa asiri, ta fi na'ura wayo.

A gida na fara ganin alamu. Buta za ta yi ta fito a kan wuta har ruwan ya kusa ƙonewa, Yaya tana zaune taku huɗu daga wurin tana tsintar shinkafa. Rediyonta ya koma na unguwa gaba ɗaya. In na yi mata magana ina fuskantarta, ta amsa tun kafin in rufe baki, in kuwa ta ba ni baya, sai in yi ta yi ni kaɗai. Na ɗauka kunnen uwar shegu take yi mini, don ta iya. Sai ranar da jikata ta tsaya a bayanta tana ta kiran Kaka, Kaka, har yarinyar ta gaji ta fashe da kuka, ita kuwa ko gezau. Na kuma lura duk gidan da muka shiga, sai ta zaɓi kujerar da bayanta ke jikin bango, fuskarta tana kallon ƙofa.

Na ce, "Yaya, anya kunnenki ƙalau kuwa?"

Ta ce, "Auta, ni kike tambaya? Je ki buɗe jakar can ki ƙirga takardu. Likita ya sa hannu, ke kuma malamar firamare kin zo da naki gwajin."

Takardun suna nan kuwa, a ninke cikin wata tsohuwar jaka, kowacce tana cewa lafiyarta ƙalau, ta dace da aikinta. Na san yadda aka same su, ta san na sani, amma muka bar maganar a nan. Yayata in ta ɗaure fuska, ko manaja sai ya nemi hanyar fita.

Wata Talata da la'asar sai ga ta a gidana da rigar aiki, audugar ma ba ta kakkaɓe daga ɗankwalinta ba. Ba ta taɓa fita titi haka ba. Ta zauna a bakin gado, na kawo ruwa ba ta sha ba. Ta daɗe tana kallon hannayenta kafin ta ba ni labari.

Akwai wata yarinya a layi na huɗu, Doguwa suke ce mata, shekararta biyu da fara aiki. Da safiyar ranar ta miƙa hannu za ta gyara zare, abin naɗe yadi ya kama hannun rigarta ya fara ja. Ta ƙwalla ƙara. Yaya tana tsaye taku uku daga wurin, ta ba ta baya, tana duba wani injin. Madannin tsayar da layin yana dab da gwiwar hannunta. Bakanike ne, wanda yake can ƙarshen ɗaki, ya ji ihun ya sheƙo da gudu ya kashe layin. Allah ya taƙaita, rigar ce ta yage, sai ƙujewa a damtse. Yaya ba ta san abin da ake ciki ba sai da ta ji ƙasa ta daina rawa a ƙarƙashin ƙafarta, ta juya ta ga mutane sun taru.

"Ba wanda ya ce mini komai," in ji ta. "Kowa cewa yake ƙarar inji ce ta yi yawa. Amma da aka gama ɗaure mata hannu, yarinyar ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, Yaya, sau uku na kira ki."

Ta ci gaba.

"Auta, na daɗe ba na jin injunan nan. Da tafin ƙafa nake jin su, da hannu in na dafa ƙarfe. Shi ya sa ba wanda ya gane. Inji ina jin sa ta ƙasa. Mutum fa? Ta ina zan ji mutum?"

Saura kwana tara gwajin shekara, saura kuma shekara biyu ta yi ritaya. Ba zan ɓoye ba, ni ce na zama shaiɗaniyar labarin. Na ce ta yi shiru, ta bi kafaɗar Sista kamar kullum, ta riƙa tsayawa inda take ganin kowa, shekara biyu kamar gobe ne, ta fita da sunanta da girmanta. Na ce in ta tona, ba kanta kaɗai za ta tona wa ba. Na faɗi haka ne don ina tsoron ganinta a wani wuri ban da tsakiyar layin nan, don ban san wace ce yayata ba in an cire mata ɗakin saƙa.

Ta saurare ni, wato ta kalli bakina har na gama, sannan ta ce, "Yarinyar nan soso a wuya take ratayawa. Wa ta gani ta koya?" Ta miƙe ta kakkaɓe ɗankwalinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ranar gwajin in shirya da wuri, zan raka ta.

Ranar da safe muka tarar benci ya cika, mata suna ta hirarsu ta leɓe, wata tana kwaikwayon saukar kafaɗa ana dariya. Da suka ga Yaya suka matsa mata wuri. Uwar Biyu, ƙawarta tun shekarar farko, ta tambaya ko ni ma aikin na zo nema da tsufana. Na ce a'a, na zo duba ko har yanzu ɗinkina ne abincinsu. Aka yi dariya, Yaya ba ta yi ba.

Sista gajeriya ce mai tabarau, sa'ar Yaya ce ko ta ɗan girme ta. Ta auna jini, ta sa ta hura bututu, ta duba ido, duk lafiya. Yaya ta roƙi a bar ni in zauna a ciki, Sista ta nuna mini kujera a lungu inda nake ganin gilashin akurki da kuma bayan Sista. Aka rufe ƙofa. Yaya ta gyara zama, fayafai a kunne, madanni a hannun dama. Ta dubi Sista, ta dube ni, sai ta rufe idanunta.

Yanzu da na san abin da zan duba, na ga kafaɗar ta sauka. Babban yatsan Yaya bai motsa ba. Kafaɗar ta sake sauka. Shiru. Sista ta duba wayoyin na'urar, ta murɗa wani abu, ta ƙara ƙarfin ƙarar, ta sake aikawa. Can sai yatsan ya danna sau ɗaya, a makare. Da aka koma siraran ƙararraki na sama, sai ya kwanta gaba ɗaya. Sista ta ɗauki abin magana ta ce, "Kunne, barci kike yi ne? Buɗe ido mana." Yaya tana zaune a miƙe, ido a rufe gam, fuskarta a natse, tana jiran ƙarar da ta riga ta wuce. Ita ma maganar ba ta ji ba.

Na taɓa ganin yayata tana faɗa da manaja a gaban mutane, na gan ta ranar da aka fita da gawar mijinta ba ta yarda mun ga hawayenta ba. Amma ban taɓa ganin jarumtarta kamar a ɗan akurkin nan ba, tana zaune ba ta yin komai. Kuka ya zo mini, alfahari kuma ya cika mini ƙirji, na kasa raba su.

Da Sista ta buɗe ƙofa ta taɓa ta, Yaya ta cire fayafan ta ce, "Sista, zauna, akwai maganar da na riƙe miki shekara goma sha tara. Ba ƙarar muke ji ba. Kafaɗarki muke kallo. In za ki danna, ta dama tana sauka. Ni na gano, ni na koya wa kowa, kada ki nemi wani mai laifi."

Sista ta kai hannu ta dafa kafaɗarta. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Ta ce, "Dukkanku?"

"Duk wanda ya taɓa zama a bencin can."

"Kin san abin da takardar yau za ta ce kuwa?"

"Na sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki rubuta abin da na'urarki ta gani, ki kuma juya kujerar nan ta kalli bango."

Likita ya zo da rana ya duba sakamakon, ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ya yi mata bayani a hankali yana fuskantarta. Ya ce ƙarar shekaru ce ta cinye jijiyoyin ji, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran. Ya rubuta cewa ba ta dace da aiki a ɗakin saƙa ba, amma ta dace da aiki a wurin da babu ƙara. Yaya ta karanta takardar sau biyu, ta ninke ta yadda take ninke sauran, ta sa a jaka. A hanyar gida ta tsaya ta sayi burodi, har tana yi wa mai burodin tsiya wai ya rage masa girma.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru. Aka juya kujerar akurki, aka sa labule a gilashin, aka sake gwada kowa. A cikin mutum sittin da 'yan kai, goma sha bakwai jinsu ya ragu, biyar kuma aka ɗauke su daga ɗakin saƙa, har da Uwar Biyu. Ba a kori kowa ba, amma wa yake jin wannan a lokacin? Aka sauke allon bakin ƙofa. Matan da suke matsa mata wuri a benci suka koma kau da kai in ta wuce. Wata rana a filin ma'aikata Uwar Biyu ta tsaya daga nesa, ta dube ta, ta motsa leɓe ta ce mata maciya amana.

Da Yaya ta faɗa mini, na tashi zan je gidan matar in nuna mata ni ma ina da baki, kuma nawa da sauti yake fita. Yaya ta riƙe mini mayafi. Ta ce, "Zauna. Wannan kam na ji shi sarai, ba sai an maimaita ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da ban koya musu kafaɗa ba, da tun tana da sauran kunne aka gane."

Ɗakin duba yadi aka kai ta. Ɗaki ne dogo mai tebur ɗaya da fitila a ƙarƙashin gilashi, yadi yana wucewa a hankali, mutum uku suna neman inda saƙa ta ɓaci su yi alama da alli. Watan farko ta tsane shi. Ta ce ƙasar ɗakin ba ta motsi, ji take kamar an ajiye ta a ɗakin jiran likita. Ta rame, ta rage tsiya, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Sai a wata na biyu ta fara aika wa bakanike 'yan takardu. Daga yadda zare ya karkace a yadi, da tazarar da ke tsakanin aibu da aibu, take gane injin da ya saƙa shi da abin da ke damunsa. Takardar farko cewa ta yi ya duba na talatin da ɗaya, bel ɗinsa ya saki. Bakaniken, wanda shi ma yanzu ya tsufa, bai yi gardama ba wannan karon. Ya je ya duba, ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin yana girgiza kai yana dariya.

Akwai kuma aikin da ba wanda ya ba ta. Kullum kafin a tayar da injuna takan tsaya a ƙofar ɗakin saƙa, daga waje, tun da takarda ta hana ta shiga, kuma ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar ba ko da taku ɗaya. Duk wadda za ta wuce sai ta juya mata kunnen dama da na hagu. Wadda sosonta yake wuya, ta koma. Da fari suna yi suna harara. Wata mai ƙarfin hali ta ce ai ita ma shekara talatin a wuya ta rataya. Yaya ta ce, "Ƙwarai kuwa. Zagaya bayana ki zage ni, ki ga ko zan juyo." Yarinyar ta cusa sosonta ta wuce.

Na'urar ƙara ji, wadda ake saƙalawa a kunne, kuwa sai da muka yi wata shida muna dambe kafin ta yarda aka sa mata. Ranar da aka kunna, muna fitowa daga wajen likitan ina ta yi mata bayanin yadda ake canja batir, sai ta tsaya ta dube ni ta ce, "Auta, ashe haka muryarki ta koma? Yaran makaranta sun yi haƙuri." Na ce ta cire mana in ta gaji. Ba ta cire ba. Da muka isa gida ta ɗora buta ta zauna kusa da ita, ta jira har ta yi fito, ta bar ta tana yi sai da na tashi na sauke.

Ta cika shekara biyunta ta yi ritaya. Uwar Biyu ba ta zo walimar ba, kuma har yau in sun haɗu gaisuwa ce kawai. Yaya ba ta taɓa faɗin mugun abu a kanta ba, ni ce dai nake faɗa a madadinta. Sista ta zo, ta zauna kusa da ita, kuma na lura ko kofi za ta ɗauka sai ta riƙe kafaɗarta a tsaye.

Yau shekara huɗu ke nan. Doguwa ce shugabar ɗakin saƙa yanzu, kuma an ce ta fi Yaya tsanani a kan soso. Duk shekara in an gama gwaji, takan biyo ta gidan da takardarta ta nuna mata, Yaya ta sa tabarau ta bi layin sakamakon da yatsa ta tabbatar bai sunkuya ba, wato jin bai ragu ba, sannan ta ba ta shayi.

Bana ina gidan ta zo. Da hantsi ne, Yaya tana tsakar gida tana shanya, ta ba ƙofa baya, abin da a da ba ta taɓa yi ba. Na ga Doguwa ta shigo da takarda a hannu, na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta tsaya a bakin ƙofa, nisan ya fi taku uku, ta kira ta da murya ta yau da kullum, ba ta ɗaga ba.

"Yaya."

Yaya ta juyo da jiƙaƙƙen zane a hannu ta ce, "Na'am."

Doguwa ta tsaya tana kallonta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Sau ɗaya."

Yaya ta gane. Ta rataya zanen a igiya, ta goge hannunta a gefen riga, sannan ta ce, "To, kawo takardar in gani. Auta, tashi ki ɗora buta, zan ji in ta tafasa."